Kwalin Ɗaukar Hoto

"Mama, ɗaga shi sama, ki yi murmushi!" in ji mai hoto.

Na ɗaga kwalin maganin sankarar jini, manyan kamfanin maganin suna ta tafi. Wai yau sun rage kuɗinsa, ni suka gayyato shaida. Wata takwas ke nan ina raba ƙwaya biyu da reza don ta kai ɗana kwana biyu. Yau kuwa kwali guda zan kai masa.

Ina saukowa, wani mai kwat ya tare ni.

"Kawo, Mama. Akwai wani taron da yamma."

Na ƙanƙame kwalin, na girgiza. Wayam, ko ƙwaya ɗaya babu.

Ya yamutsa fuska. "A hankali mana, kar ki lauye mana shi."