Tsohuwar da Aka Kife wa Turmi

Kai da kake ganin babu gatan da ya fi shiru ga majinyaci, matso kusa in ba ka misali.

An yi wata tsohuwa mai sayar da fura, wadda tun tana budurwa gari bai taɓa wayewa ba a ji taɓaryarta ba. Da waƙa take hawa turmi, da waƙa take sauka, har maƙwabta kan ce su ba su da bukatar zakara. Kwatsam sai ciwo ya kwantar da ita. Aka kai ta asibiti, aka haɗo ta da magani, aka ce kada ta sha sai ta ci abinci, kuma a bar ta ta huta. Babban ɗanta mutum ne mai son uwarsa, amma irin mutanen nan ne da in an ce su rage gishiri sai su zubar da miyar. Ya sa aka kife turmi a bayan rumbu, hatsi sai dai a kai inji. Jikoki aka tattara su gidan kawunsu. Masu zuwa dubiya su yi sannu cikin raɗa, su fita da sanɗa. Gida ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Tsohuwa kuwa ta juya fuskarta bango, ta ɗauke kai daga abinci. Ba ci, ba shan magani, kullum sai ƙara zubewa take yi.

Mai jinyarta ita ce autarta, mace mai bin diddigi, wadda tun tana ƙarama ake yi wa faɗan yawan tambaya. Tsoro ya cika ta, don tana ganin uwarta na neman tafiya a hannunta, amma tsoron bai rufe mata ido ba. Ta lura cewa wata rana tsohuwa kan shanye kunu tas, har ta karɓi magani ba gardama, washegari kuma ko kallon kwanon ba za ta yi ba. To me ya raba jiya da yau? Ta ce ko tsamiya ce, ta ƙara, ta rage. Ta bar gero ta koma dawa. Ta sauya kwano, ta sauya ludayi, har ta kira matar yayanta ta gwada bayarwa, ko hannu ne. Duk a banza. Abin ya tsaya mata a rai, ta kasa haɗiyewa ta kasa tofarwa.

Ran nan da hantsi tana zaune a bakin gado da kunu yana hucewa a hannunta, sai idonta ya faɗa kan yatsun tsohuwa. Motsi suke yi a kan katifa, ba irin na makyarkyata ba, ɗagawa suke suna sauka a tsare. Ta kasa kunne. Can bayan katanga matan maƙwabta ne ke lugude, wato su uku a turmi ɗaya, wannan ta buga waccan ta karɓa, wata ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, waƙa na bin sawun dakan. Sai ta tuna, ashe duk ranar da suka yi dakan nan ita ce ranar da kunu ke ƙarewa. Ba ta gama mamaki ba ta ji muryar da ta daɗe ba ta ji ba.

"Ta ukun nan hannunta na makara," in ji tsohuwa, fuskarta na bango. "Wa ya koya mata daka?"

"Inna, ashe kina ji?"

"Kunnena lafiya lau, Auta. Ku ne kuka yi shiru. Da na ji ko turmi ba ya motsi a gidan nan, na ɗauka likita ya gaya muku abin da kuke ɓoye mini, har kun fara zaman makokina. Wanda ake wa makoki kuwa me zai yi da kunu?"

Hawaye ya zubo wa autar, na kunya da na murna a haɗe. Ba ta jira izinin kowa ba. Ta mirgino turmi har ƙofar ɗakin, ta zuba gero, ta kira matar yayanta da wata maƙwabciya, suka ɗau taɓare. Ta ɗauko waƙar dakan da uwarta ta saba yi, ta kuwa kwafsa ta, don ba ta taɓa riƙe baitocin daidai ba. Tsohuwa ta kasa haƙuri. Ta ce a tayar da ita a jingina ta da bango, ta shiga gyara musu, tana bayarwa da 'yar siririyar murya suna amsawa.

Babban ɗan ya jiyo daka daga zaure, ya shigo a fusace zai ga wanda ya karya dokarsa. Ya tarar da uwarsa zaune, kwano a cinya, tana kurɓar kunu tsakanin baiti da baiti, tana yi wa matarsa tsiya wai ta riƙe taɓarya kamar mai tsoron ta cije ta. Sai ya juya a hankali, ya tafi ya kwaso jikoki.

Waƙa ba ta kori ciwon ba, wannan aikin magani ne da ikon Allah, kuma jinyar ta ɗau lokaci. Amma waƙar ce ta buɗe bakin da maganin ya bi ya shiga. Shi ya sa Hausawa suka ce, rai dangin goro ne, ban iska yake so.