Kujerar da ta yi ja

Tun da aka kawo kujerun yara masu canja launi, mota ba ta tashi da jariri a ciki sai kujerarsa tana koriya. Ta Ummi ta koma ja wur tun jiya, da wata a-kori-kura ta buge su a shataletale. Ga shi yau likita zai sake duba yarinyar.

Kakarta, Inna Delu, tun safe take dirzar kujerar da soso da sabulu.

"Ko ƙwarzane babu, Sagir! Sabuwa fil, a ce a yar?"

"Inna, tsagewar a ciki take," in ji ɗanta. "Bugun da zai sami Ummi ita ta shanye. Ba za ta iya na biyu ba."

Inna ta dubi jikarta, ta ajiye soson.

Sai ga maƙwabciyarsu Larai da koriyar kujera. "Ɗana ya girma, ku sa Ummi a ciki. Ku hanzarta."

Sagir ya ɗauki jar zai fitar.

"Kai, ajiye min!" Inna ta ƙwace, ta ɗora ta saman kabad, tsakiyar kwanukan aurenta. "Wadda ta tare wa jikata bugu ba za ta kwana a bola ba."