Ƙarar Cokali

Tsohon ya ɗaga cokalin, masana'anta ta yi tsit. Tun zamanin kaka haka ake yi: kafin a buga hatimin gidan a kan sababbin cokula, sai maigida ya saki cokali ɗaya a kan siminti, ya saurari ƙararsa.

Ɗansa yana tsaye a gefensa. Shi kaɗai ya san ƙarfe mai araha ya sayo.

Cokalin ya faɗi da ƙara irin ta murfin gwangwani. Ma'aikata suka sunkuyar da kai.

Tsohon ya yi murmushi. "Garau! Buga hatimi, ɗana."

Sai a lokacin ɗan ya gane Baba ya daina ji. Ya jujjuya hatimin, ya zura shi aljihu.

Ya ce wa ma'aikata, "Ni na ji. A narkar da su duka."