Alamar da Aka Manna wa Rasuwar Baba Tela

Tun da aka hana shela da lasifika a unguwar, labari ba ya isa ga kowa sai ta manhajar waya mai suna Dandali, kuma sai ga mai bin alamar da aka manna masa. Shi ya sa da mahaifin Sabi'u ya cika da hantsi, Sabi'u ya bar ƙannensa wajen wankan gawa, ya nufi shagon Sahura mai sa alama.

"Allah ya jiƙan Baba Tela," in ji ta. "Yaushe za a yi masa salla?"

"Bayan la'asar."

Ta rubuta sanarwa, na'urar Dandali ta karanta, ta manna mata "rasuwa". Sahura ta nuna masa masu bin alamar. Ba za su cika sahu ɗaya ba.

"Mutane sun rufe ta tun bara. Wai tana ɓata musu safiya."

"Yaya Sahura, mutumin da bai taɓa ƙin raka gawar kowa ba? Ba zan kai shi daga ni sai liman ba."

"To, mu rage addu'a, mu yawaita maganar sana'arsa. Kalmar da ta fi yawa na'urar take bi."

Suka goge "Allah ya gafarta masa", suka ƙara keke da zare da babbar riga. Alama ta koma "ɗinkin Salla".

Da la'asar sahu ya kai bakin titi. Liman ya yi kabbara, jama'a suka ɗaga hannu. Sabi'u bai waiwaya ba, amma ya ji ƙarar ledoji a bayansa. Kowa da yadinsa a hammata.