Gudun Franyel Daga Tasha ta Uku

Ƙafar Franyel na kan tasha ta uku, idonsa na kan gida, wato tashar ƙarshe inda ake cin maki. Zagayen ƙarshe ne, ƙungiyarsu ta Consuelo da ta Quisqueya sun yi kunnen doki, kuma duk garin ya baro tukunyar Lahadi a kan wuta ya cika filin besbol na bayan gonar rake, inda ake buga ƙwallo da sanda a zaga tashoshi da gudu. In ya riga ƙwallo isa gida, Consuelo ta ci wasa.

Matsalar ita ce Franyel na da ƙaiƙayin ƙafa. Sau biyu a bana yana rugawa gida ba izini, sau biyu ana cafke shi kamar kaza. Shi ya sa kocinsu, Don Crucito, ya ja masa kunne tun da safe: "Ka sake motsawa ban ce ba, ka tuɓe min rigata ka koma acaɓarka."

Shi kuwa Don Crucito, mai murya kamar tsohon injin niƙa, kalma ɗaya aka san shi da ita: "Tsaya!" Matarsa ta ce ko a magagin barci ita yake faɗa. Ga shi can gefen layi, hannu ɗaya a ƙugu, yana fama da gaɓar rake.

Nicomedes, mai tsaron tasha ta uku na Quisqueya, ya matso yana washe baki.

"Ɗan'uwa, an ɗaure ka ke nan? Ina igiyar?"

"Rufe min baki."

"Ni tausayinka nake ji. Ƙato da kai, sai an ce je ka. In fitsari ya matse ka ma sai Baba ya ba da izini?"

Franyel ya ciji leɓe.

Mai bugun Consuelo ya kai wa ƙwallo duka, sanda ta ce ƙwas! Ƙwallo ta tashi sama, ta yi hagu, amma ba ta yi nisa ba. Dokar Don Crucito a irin wannan kowa ya haddace ta: mai gudu ba ya waiwaye. Ya kafa ƙafa a tasha, ya fuskanci gida, koci ne idonsa. Sai an cafe ƙwallo a sama, sannan a ji ta bakin tsoho.

Franyel ya duƙa, ya ba su baya. Kowa ya ɗaga kai. Nicomedes ya kai safar hannunsa fuska, ga rana tsaka. Babu wanda ya sa rai. Daga inda za a cafe ƙwallon nan, ko jikar Don Crucito za ta iya jefo ta gida.

Aka cafe. Sai muryar nan mai kama da tsohon injin niƙa ta fashe a bayan kunnensa: "Ruga, ɗan banza, ruga!"

Ya ruga. Hula ta yi nata wuri. Jifa ta taso da ƙarfi, ta ɗan yi sama, mai tsaron gida ya yi tsalle ya kamo. Kafin ya sauko, Franyel ya sulalo da ciki, tafinsa ya shafi gida. Alƙalin wasa ya ware hannuwa, alamar ya tsira.

Fili ya rikice. Mata na dukan murfin tukunya, maza suka sungumi Don Crucito sama.

"Tsohon nan akwai kai!"

"Shekara da shekaru yana tsaya, tsaya, ashe yau yake jira!"

Franyel ya kutso, haƙoransa duk ƙasa, ya riƙe hannun koci. "Don Crucito, ka yarda da ni. Na rantse da uwata ba zan manta ba."

Don Crucito ya buɗe baki. Ya dubi Franyel, ya dubi jama'ar da ke ɗauke da shi, ya mayar ya rufe. Can ya ce, "Gogewa ce, yaro. Riƙe rigarka."

A bencin Quisqueya kuwa, kyaftin ya cire hula yana ta zabga wa Nicomedes.

"Ba kai ka ce a bar maka shi ba? Ka ce yana tasowa an gama da shi!"

Nicomedes ya kare kansa, ya gyara maƙogwaro, ya amsa da muryar tsohon injin niƙa, sak: "To, ni na ce masa ya ruga. Ban ce ku yi jifar banza ba."