Kwalbar da Ta Rine

Da safe na buɗe firij, na tarar ɗaya daga cikin kwalaben 'yata ta rine, ruwan ciki ya koma kamar shayi.

Shekara uku tana jigila tsakanin gidanmu a Sabon Gari da ɗakin gwaji a Samaru. Ta ce wasu gajerun sinadarai take nema, irin na jikin halitta, da za su sa ƙwayoyin azurfa su tsiro cikin ruwa, ba wuta ba zugazugi. Ni maƙerin azurfa ne, ban gane ba, amma na yarda. Da firij ɗin ɗakin gwajin ya lalace ta kawo kwalabe arba'in gida, kowace da lambarta da irin sinadarin da ke ciki. Su ne na ƙarshe, kuma ranar Juma'a wa'adin karatunta zai cika.

A sana'ata, abin da ya dafe wanke shi ake yi. Na tuna yadda ta rame, na ce ba za ta ga ɓarnar nan ba. Na zubar, na ɗauraye, na cika da ruwan famfo, na mayar cikin sauran.

Da hantsi ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a bakin taga, sannan ta zauna a ƙasa.

Na ce, "Mamana, ai duk garau suke."

"Shi ne matsalar, Baba. Wadda ta yi aiki launin shayi take komawa. Ɗaya kawai nake roƙo, in san lambarta."

Na tsaya ina duban kwalaben. Har yau na kasa tuna wadda na wanke.