Karen Jamus Mai Riga

Wata Alhamis ce bayan la'asar, a tsakiyar shekarun 1960, a gidanmu na unguwar Misfala a ƙasa mai tsarki. Ni da Baba da kakata Hajiya Inna ne a ɗakin. Wani alhajin Turkiyya ya kawo wa Baba gyaran agogo, a naɗe cikin shafin tsohuwar mujallar Jamus.

Zanen titin birni ne a shafin. Wani ƙaton attajiri yana jan kare mai riga, a gefe kuma wata yarinya ba takalmi tana tallar ashana. Na yi ta dariyar karen.

Hajiya Inna ta ce, "A jefa a murhu. Ga hoto ga kare, ta ina mala'iku za su shigo?"

Na ƙanƙame takardar. Baba ya ce, "Kawo nan, ya binti, 'yata." Ya ɗauki alƙalami ya ja layi a wuyan attajirin da na karen, yadda ake yi don a raba kai da jiki hoto ya halatta.

Hajiya Inna ta ce, "Saura yarinyar."

Baba ya ce, "Inna, wahalar da take ciki ta ishe ta."

Sai a lokacin na lura da ƙafafun yarinyar, kuma har yau su nake fara tunawa. Hajiya Inna ta karɓi takardar ta daɗe tana kallo. A akwatinta muka same ta bayan rasuwarta.